Wa ya kamata ya ɗauki nauyin jami'a: ɗalibi ko baitulmali?

Malam Garba Hedimasta: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a gaban 'yan'uwa, ko da yake na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina lokaci ya yi da gwamnatin tarayya za ta bar mai neman digiri ya biya ainihin kuɗin karatunsa, ko daga aljihun iyayensa ko ta hanyar rance, a karkatar da abin da aka rage zuwa firamare. Duk wanda ya kai jami'a a ƙasar nan ya riga ya gama sakandare, ya ci jarrabawar JAMB, kuma da yawansu 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwar birni, alhali hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Digiri mai shi ne ke cin moriyarsa. Likita zai kammala a Zariya ko Kano da kuɗin jama'a, kafin a ankara ya tafi Saudiyya ko Ingila, manomin da aka karɓi harajinsa kuwa ɗansa yana zaune a ƙasa cikin ajin da ba rufi. Ina adalci a nan?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kukan da ya yi kan firamare gaskiya ne, amma ya ɗauki jami'a a matsayin wurin raba takardar shaida kawai, ya bar rabin aikinta a waje. Bari in yi magana kan fannin da na sani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fara ne a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma duk irin shuka da ka ji sunansa ya fara da SAM, wato SAMNUT na gyaɗa, SAMSORG na dawa, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, daga can ya fito. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta iya cinsa, har manomin da ke feshin magani sau shida zuwa takwas a damina ya koma yin sau biyu. Wannan manomi shi ne wanda Malam yake tausaya wa. Bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, wataƙila bai san sunan Samaru ba, amma kuɗin maganin feshi ya ragu masa, lafiyarsa ta tsira daga guba. Haka nan kajin ShikaBrown daga cibiyar dabbobi ta Shika suka fito, ita ma ta jami'ar ce. To, wane ɗalibi za a ɗora wa kuɗin irin wannan aiki? Samar da iri guda yana cin shekaru da dama ana dasawa ana zaɓe, sau da yawa kuma a ƙare ba a samu komai ba, kuma idan an samu, kowa na iya shukawa ya ajiye na baɗi. Babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a abin da ba zai iya hana kowa amfani da shi ba. Saboda haka ko dai baitulmali ya biya, ko kuma a rasa aikin gaba ɗaya.

Injiniya Nura: Dakta, misalinki yana da ƙarfi, amma akwai ɓangaren da ba ki faɗa ba. Aikin waken nan an yi shi ne da haɗin gwiwar gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF, da hukumar bincike ta CSIRO ta Ostireliya, kuma hukumar USAID ta Amurka tana cikin waɗanda suka ba da kuɗin. Idan har abin da muke alfahari da shi da tallafin waje aka yi shi, ina kuɗin da muke biya yake tafiya? Kamfanin da nake wa aiki ya kasance cikin masu biyan harajin ilimi, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari na riba, ya koma 2.5, sannan ya kai 3 a 2023. Abin da idona yake gani a jami'o'i shi ne gine-gine masu ɗauke da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da ake zuba harajin a ciki, wani lokaci ɗakin gwaje-gwaje sabo fil amma babu wutar da za ta tayar da na'urorin cikinsa. Ba na goyon bayan Malam Garba a janye hannu, sai dai ban yarda cewa ƙarin kuɗi kaɗai zai haifi bincike ba.

Dakta Hadiza: Abin da ka faɗa ai nawa ya ƙarfafa, Injiniya. Masu ba da tallafin sun zo Samaru ne domin sun tarar da masana, da gonakin gwaji, da tarin irin wake na gida da aka adana shekara da shekaru, kuma duk wannan albashin gwamnati ne ya riƙe shi. Haɗarin dogaro da su shi ne su ke zaɓar abin da za a bincika, kuma ranar da siyasar ƙasarsu ta juya, kamar yadda aka rushe USAID a 2025, aikin ya tsaya cak. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Nijeriya kuwa ko kusa ba ta kai ba.

Malam Garba Hedimasta: Tunda an ambaci TETFund, bari in tuna wa matasa asalinta. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 1992, lokacin da Attahiru Jega yake shugabanta, shi ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, kuma a wancan tsari firamare da sakandare suna da kasonsu. A 2011 aka sake dokar, aka mayar da asusun na manyan makarantu zalla, ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Malaman jami'a suna da murya, suna iya rufe makarantu wata takwas kamar yadda suka yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, gwamnati ta zauna da su. Yaron ƙauye ba shi da ƙungiya.

Hajiya Bilkisu: Baba Malam, ina neman afuwa, amma lissafin nan yana da rami. Firamare a tsarin mulkinmu nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi, don haka nairar da Abuja ta hana jami'a ba za ta yi tafiya da ƙafarta zuwa ajin da ka ambata ba. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ware wa hukumar ilimin matakin farko, wato UBEC, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma kowace shekara ana jin cewa biliyoyin naira suna kwance saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu kason su karɓa. Matsalar firamare ba jami'a ce ta jawo ta ba. Sannan wa zai koyar a firamaren? Malamin da ke da NCE daga kwalejin ilimi ya fito, wanda ya koyar da shi kuma jami'a ce ta yaye shi. An gwada wannan shawara taka a shekarun 1980, lokacin da Bankin Duniya yake gaya wa ƙasashen Afirka cewa ribar firamare ta fi ta jami'a, aka zo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, manyan malamai suka watse zuwa ƙasashen waje, ɗakunan karatu suka daina samun sababbin littattafai, firamaren ma ba ta gyaru ba. Daga baya bankin da kansa ya sauya matsayi.

Usman Ɗalibi: Iyayena, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a ƙasa. Ana cewa babu kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, kuma a takarda haka ne, amma kuɗin rajista ya ninka a wurare da yawa a 2023, har sai da gwamnatin Kano ta biya wa dubban 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. Rancen NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Ya taimaki da yawa daga cikinmu. Sai dai yana aiki ne domin kuɗin da ake rantawa kaɗan ne. Idan aka ce ɗalibin likitanci ya biya ainihin abin da ake kashewa a kansa, bashin zai kai miliyoyi masu yawa, kuma ɗan talaka, musamman mace, iyaye ba za su bari ya sa hannu ba. Wanda ya sa hannun kuma ya sami ƙarin dalilin fita waje neman albashin da zai biya.

Injiniya Nura: Usman ya taɓo abin da ke damuna game da rancen. Ostireliya ta fara irin wannan tsari a 1989, yana kuma tafiya domin hukumar haraji ta san abin da kowa yake samu. A nan akasarin masu digiri sana'ar kansu suke yi ko suna zaman jiran aiki, kuma hukumar rancen ɗalibai da aka kafa a 1972 rashin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita. Shi ya sa na tsorata da ƙudirin haraji na 2024, wanda ya so kason TETFund ya ƙare a 2030 a mayar wa asusun rance. An yi sa'a dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta bar wa TETFund rabin sabon harajin da ya maye gurbin na ilimi. Amma a ganina yawan buɗe jami'o'i, kowane ɗan majalisa yana son ɗaya a mazaɓarsa, shi ke tsinka kuɗin har ya kasa yin komai. Dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai da aka sanar a Agustan 2025 ya fi ƙarin haraji amfani, idan an riƙe shi.

Malam Garba Hedimasta: To, a raba abin biyu. Bincike irin na Samaru, da na cibiyar Vom a jihar Filato inda aka daɗe ana yin allurar rigakafin dabbobi, baitulmali ya biya, ban ja ba. Amma karatun digiri na mutum ɗaya, mai hali ya biya. Ban ga dalilin da ɗan babban sakatare, wanda aka kashe wa miliyoyi a sakandaren kuɗi, zai zo jami'ar tarayya ya biya daidai da ɗan mai gadi ba. Likitan da jama'a suka koyar kuma a ɗaure shi da yarjejeniyar yin aiki a gida na wasu shekaru, ko ya mayar da kuɗin.

Dakta Hadiza: A kan ɗan babban sakatare da yarjejeniyar likita, Malam, ba mu da saɓani sosai, matuƙar an sami hanyar gane mai hali da ba za ta koma hannun masu alfarma ba. Inda rabon naka ba zai yanku ba shi ne a kan mutum. Farfesan da ke tsaye a gonar gwaji da safe shi ne ke aji da rana, kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku su ne hannayen da ke auna tsirrai, su ƙirga tsutsa, su rubuta sakamako. Idan albashinsa ya dogara ga yawan masu biya, jami'a za ta cika azuzuwan da ake rububi, irin su lauya da harkar kasuwanci, ta bar sashen nazarin ƙasar noma da na ƙwari su mutu, domin ɗalibansu ba su da yawa kuma kayan aikinsu suna da tsada. Kafin in amince da rabon, ina so Malam ya gaya mana daga wane aljihu za a biya albashin malamin sashen da ɗalibansa ba su kai ashirin ba.