Don Allah masana shari'a, laifi ne ɗaukar ɗan sanda bidiyo yana bakin aiki?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara, abin ga ya tsaya min a rai. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne nan Sakkwato, shekaranjiya da la'asar anka tare shi a wani shinge, sunka zare makullin mashin sunka ce sai ya kawo wani abu, alhali takardunshi cikakku ne. Ni ina tsallaken titi wurin mai rake sai na fiddo waya na fara ɗauka, ban matsa kusa ba ban ce uffan ba, kawai ɗaya ya tsallako ya fizge wayar har gilas ya tsage, wai na aikata laifi.

Mashin dai sun saki, amma wayar na hannunsu yau kwana biyu, sun ce sai na buɗe na goge bidiyon gabansu. Kuma wallahi cikinta nike sana'ata, lambobin kwastomomi duk suna ciki.

Iya sanina sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da yaɗa bayani, sashe na 37 kuma ya kare sirrin mutum har da na waya. To wace doka na taka? Baba ya ce in goge a zauna lafiya, ni kuma bidiyon kaɗai ne shaidata. In tafi wurin DPO ni kaɗai ko sai da lauya? Kuma in na ƙi buɗewa suna da ikon tsare ni?