'Yata da TikTok: in ƙwace wayar ko in bar mata?

Mai Koko, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 14, tana JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, ga jarrabawar BECE na tafe. Yayana ne ya sayo mata waya a Adum saboda malaminsu ta WhatsApp yake turo tambayoyi. Yanzu in na tashi ƙarfe uku zan dama koko, sai in hango haske cikin bargo, TikTok take yi. Wannan ma da sauƙi. Jiya na ga sidi 50 ta shigo MoMo, asusun kuɗin waya na layinta, layin da aka yi wa rajista da Ghana Card ɗina, daga sunan da ban sani ba. Wai wani ne ya ce ta sayi data. In ƙwace ne?

Kawun Yara, Asawase:
Hajiya, ƙwace kawai. Ko SHS, babbar sakandare, ta shiga, hukumar ilimi ta Ghana (GES) ba ta yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Ostareliya ma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da 16 shiga shafukan sada zumunta irin su TikTok. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamar JHS, Tafo:
Kawu, ka yi haƙuri, ƙwacewa ba ta raba ta da mutumin nan. Hajiya, sidi 50 ɗin ce abin tsoro, ba rashin barci ba. Haka suke farawa: yau data, gobe "turo hotonki", in ta tura kuma sai barazanar watsawa. Kada ki goge saƙonninsa, kuma don Allah kada ki fara da duka, in ta tsorata sauran za ta ɓoye miki. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020 ta tanadi ɗauri kan irin wannan. Ki kira 292, lambar hukumar tsaron intanet, ki kai rahoto.

'Yar jami'ar KNUST:
Mama, in kin ƙwace, ta ƙawarta za ta ara a makarantar allo, can kuma ba idonki. Ki duba shekarar haihuwar da ta sa. TikTok na sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, amma yawanci ƙarya muke yi wajen rajista. Akwai kuma Family Pairing, ki haɗa wayarki da tata. Da dare kuma wayar ta kwana ɗakinki.

Mai Koko, Aboabo:
Na duba, 2001 ta sa, ta girmi yayarta ke nan! Lambar mutumin tana hannun kawunta, gobe za mu kira 292. 'Yata ta KNUST, wannan haɗa wayar ban iya ba. Ina wajen koko har ƙarfe tara, ko za ki biyo ki nuna min?