Wa ya taɓa shiga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Jidda?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ƙanina zai tafi Umara, yana tambaya ina zai nufa idan fasfonsa ya ɓace. Na ce masa Jidda. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka faɗa masa daidai. Zuwana na farko a 1979, babban ofishin jakadancin ma a Jidda yake, har da na sauran ƙasashe, domin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya a can take. Sai a tsakiyar shekarun 1980 jakadu suka koma Riyad, na Jidda ya zama ƙarami. Amma jama'a ba su bi su ba. Alhazai ta Jidda suke sauka, takari a Makka da Madina da Jidda suke zaune. Daga Makka tafiyar kamar kilomita 80 ce, Riyad kuwa ta kusa 1,000 daga Jidda.

Hajiya 'yar Sakkwato: Ni abin ya taɓa samu, a Umarar azumi. Jakata ta salwanta a cunkoso da fasfona a ciki, saura kwana huɗu tashinmu. Na isa ofishin idona ya kumbura don kuka. Ma'aikacin ya zaunar da ni, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki." Sai ya shiga tambayata da Hausa: wace ƙaramar hukuma, wace unguwa, wa ke sarautar garinmu. Daga baya na gane dalili, ai 'yan Nijar da Chadi ma Hausa suke ji, dole ya tabbatar ni 'yar Najeriya ce. Takardar tafiya ta gaggawa aka ba ni, da ita na dawo gida.

Tsohon takari: Hajiya, kin tuna mini da 2013, lokacin da Saudiyya ta yi afuwa ga marasa iƙama, wato takardar izinin zama, su fita kafin wa'adin ya cika a farkon Nuwamba. Tun asuba muke bin layi. Kusa da ni wata tsohuwa ce riƙe da jikoki uku haifaffun Makka, Hausarsu rabi Larabci, ba su taɓa taka Najeriya ba. Ba su da ko takardar haihuwa. Wannan ofishin ne kaɗai zai shaida cewa suna da ƙasa. Har tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, jami'ansa ke zuwa tantance waɗanda aka kama.

Hajiya 'yar Sakkwato: Allah sarki. Ɗan Fagge, ka ce wa ƙaninka ya ɗauki hoton fasfonsa da bizarsa a waya tun kafin ya bar gida, ya kuma tura maka. Ni ko lambar nawa ban riƙe ba, shi ya ja mini kwana biyu.

Ɗan Fagge: Na gode, iyayena. Yanzu zan kira shi.