Shawara nake nema: dawowa Katsina bayan zaman ƙasar waje

Mai Kyamara:

Assalamu alaikum. Ni Bakatsine ne, haifaffen Ƙofar Marusa, kuma sana'ata ɗaukar hoto. Na daɗe ina zaune a Alƙahira, daga can nake fita zuwa Maroko da Turkiyya da Habasha ina ɗaukar hotunan kasuwanni da masallatai da masu sana'ar hannu, ina sayar wa mujallu. Yanzu girma ya kama mahaifiyata, yayyena sun ce lokaci ya yi da zan tattaro in dawo, ni ma na san gaskiya suka faɗa.

Sai dai zuciyata ta kasu biyu. Ina marmarin zama inda ba wanda zai tambaye ni takardar izinin zama, inda zan gaida Hajiya kowace safiya ba ta waya ba. Amma a zuwana na ƙarshe na tsaya gindin hasumiyar Gobarau da kyamara a wuya, sai yara suka kewaye ni suna tambayar ko daga Abuja aka turo ni, na ji ina kallon garin da aka yanke mini cibiya da idon baƙo. A gida kuma wani kawuna ya tambaye ni, cikin tausayi, yaushe zan nemi aikin yi. Shin irin aikina zai iya riƙe mutum a Katsina, kuma wannan baƙuntar da nake ji tana wucewa?

Baba Mai Situdiyo:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na fara wannan sana'a tun ana wanke fim a ɗakin duhu, saboda haka ba zan ɓoye maka komai ba. A nan idan aka ce mai hoto, abin da mutane suke nufi shi ne mai zuwa ɗaurin aure da kamu da suna da saukar Alƙur'ani, ko mai ɗaukar fasfo. Hoton fasfo da na yara ranar Sallah, waɗanda suka riƙe mu a da, wayar hannu ta cinye rabinsu. Abin da ya rage mai tsoka shi ne biki da tarukan siyasa, su kuwa masu siyasa karɓar kuɗi a hannunsu sai an yi ta sintiri.

Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, takarda da tawada da duk wani abu da ake shigowa da shi sun yi tashin gwauron zabo. Don haka ka sayo kayan aikinka tun daga can, har da batura na ajiya, ka kuma ware kuɗin sola kafin ka yi maganar shago, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ƙurar hunturu kuma tana shiga cikin kyamara ta inda ba ka zato. Ni a gida nake canza gilashin kyamara, ba na yarda in buɗe ta a fili. Kada ka raina aikin biki. Shi zai ciyar da kai, wanda ranka yake so kuma ka yi shi a gefe.

Yaya Ta Daura:

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Ni baƙuntar da kake kuka da ita ba na ganin ta a matsayin ciwo. Mu da muke zaune kullum mun daina ganin abin da yake gabanmu. Duk wanda ya zo Daura da kyamara rijiyar Kusugu yake nufa, sai fada, sai ya jira Sallar Gani ya ɗauki dawakai da 'yan lifida ya tafi, kamar yadda a Katsina ba a wuce Hawan Sallah da Hawan Bariki. Waɗannan suna da kyau, amma an ɗauke su har an gaji. Wa ya ɗauki magina suna yaɓe soro kafin damina, ko dukawa suna ɗinka kayan doki da za a hau da su, ko tsohuwa tana kaɗi da mazari? Kakata ta rasu da sana'ar kaɗinta, ba mu da hoton hannunta ko ɗaya, kuma gidajen ƙasa ana ta rushe su ana zuba bulo.

Wannan aiki baƙo ba zai iya shi ba, domin a zaure za a tsayar da shi. Kai kuwa ana sanin gidanku, kana da 'yan'uwa mata da za su yi maka iso. Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka: ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, musamman a kan mata da almajirai, ka faɗa wa mutane inda hoton zai je, sannan ka wanke ka kai musu nasu. Mutanenmu sun gaji da ganin fuskokin 'ya'yansu a intanet an rubuta talauci a ƙasa.

Ɗan Kasuwar Jibiya:

Yaya, maganarki tana da daɗi, amma ina ganin ya kamata a faɗa wa Malam ɗaya ɓangaren. Mutum ne da ya saba ɗaukar jaka ya kama hanya, alhali akwai ƙauyukan wajen Jibiya da Batsari da Safana da 'yan bindiga suka addaba, inda baƙuwar fuska da kyamara mai tsada za ta jawo masa ido, jami'an tsaro ma za su tsare shi da tambayoyi. Shawarata, Malam, kada ka yanke hulɗa da mujallun da kake sayar wa hoto. Ka zauna a Katsina kusa da Hajiya, ka riƙa fita aiki kana dawowa, kuɗin waje yana shigo maka. Idan za ka shiga karkara, ka fara gaida mai gari, ka tafi da ɗan gari, kuma ka dawo kafin la'asar sakaliya.

Mai Kyamara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar dawowa kafin azumi, ba tare da na sallami masu sayen hotunana ba. Baba, idan ka amince zan zo shagonka in ga yadda kake tsara aikin biki da farashinsa. Yaya, ina roƙon ki tambaya mini ko akwai sauran masu kaɗi a unguwarku da za su yarda a ɗauke su, domin da su nake so in fara.