Majigi ya ƙi ɗaukar hoton kwamfutata, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makaranta a Pantami, nan Gombe. An ba mu majigi tsohon yayi, mai shuɗin ramin nan na VGA, kwamfutata kuwa HDMI kaɗai gare ta. Na sayo waya mai kai biyu, ɗaya HDMI ɗaya VGA, na jona, amma majigin sai rubuta "No Signal" yake yi. Linzamin kwamfutata (mouse) marar waya ma yana sarƙewa duk lokacin da na soka filas. Ranar Asabar zan nuna wa ɗalibai darasi.

Mai gyara a Jekadafari: Wa alaikumus salam Malam. Laifin wayar ne. HDMI siginar dijital yake fitarwa, VGA kuwa analog yake karɓa, zallar waya ba ta iya juya wannan zuwa wancan. Adafta za ka nema, ɗan akwati mai na'ura a ciki. Ka duba rubutun jikin kwalin da idonka: daga HDMI zuwa VGA. Akwai mai yin akasin haka, kamanninsu ɗaya, kuma masu shago ba kowa ke bambance su ba. In da hali ka ɗauki mai ramin caji a gefe, don wasu kwamfutocin ba sa ba shi isasshiyar wuta. Ka tafi da kwamfutar a gwada a gabanka kafin ka biya.

Wata malama daga Bolari: In ka samu adaftar, ka danna madannin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate. A jikin majigin kuma ka danna Source har ya kai kan VGA, wasu "Computer" suke rubutawa. Idan hoton ya fito a yanke, ka rage ma'aunin hoton (resolution) zuwa 1024 x 768. Sannan VGA ba ya ɗaukar sauti, ka tanadi sifika daban.

Wani ɗalibi: Malam, batun linzami: ramin USB 3.0, mai shuɗi a ciki, yana dagula siginar 2.4GHz da linzami marar waya ke amfani da ita idan filas na aiki kusa da ɗan makalen linzamin. Ka mayar da ɗan makalen ɗaya gefen kwamfutar. Batir ma a duba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Linzami ya daidaita tun da na sauya masa gefe. Adaftar kuma gobe in sha Allah zan shiga kasuwa da kwamfutar.