Tafiyata ta farko waje: Nijar, Kwatano ko Gana, wacce ta fi sauƙin kuɗi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba fita. Ni ban taɓa tsallaka boda ba, yanzu na ɗan tara wani abu daga shago kuma ina so bayan sallah in fita ko na sati ɗaya ne in ga yadda wata ƙasa take, ba kasuwanci ba, buɗe ido kawai. Jirgi dai ba zancensa, mota zan bi. Abokaina sun raba min hankali, wani ya ce Nijar wani ya ce Kwatano wani kuma ya dage sai Gana wai can ne ake jin an fita. Fasfo ma ban yi ba tukuna. Wacce za ta fi min sauƙi ba tare da na dawo da bashi ba?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam ƙanina. Fara cire Gana daga lissafi a wannan karon. Ba maƙwabciyarmu ba ce ma, sai ka je Legas, ka tsallaka Seme ka shiga Benin, ka wuce Hilakonji ka shiga Togo, sannan Aflawo kafin ka taka ƙasarsu, boda uku kenan kuma kowacce da irin kashe kuɗinta da ɓata lokacinta, kafin ka ga Accra babban birninsu rabin guzurinka ya tafi a hanya. Abin da ke cin kuɗin matafiyi nisa ne da masauki, abinci a ko'ina za ka iya lallaɓawa.

Ni Damagaram zan ce maka. Ka je tashar Kofar Ruwa da sassafe, ka bi ta Kazaure da Daura ka fita ta Kwangwalam, duka duka tafiyar kusan kilomita 240 ce daga Kano, idan Allah ya sa ba a tsaya da yawa a shingaye ba la'asar a can za ka yi ta. Hausa za ka yi da kowa tun daga direba har mai masauki, babu mai ninka maka farashi don ya ji ba ka iya Faransanci ba. Ka shiga unguwar Birni ka ga fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a bango da manyan duwatsun nan da gari ya zauna a tsakaninsu, ka ci kilishi da cuku, da yamma ka zauna majalisar masu shayi a zuba maka a ɗan ƙaramin kofin nan har zagaye uku. Wallahi ya ishe ka a matsayin fitar farko.

Abu ɗaya da za ka kiyaye, lissafin kuɗinsu da dala suke yi, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai shago ya ce maka dala ashirin to sefa 100 yake nufi, in ya ce jaka guda sefa 1,000. Ka riƙe wannan tun daga gida. Canji kuma ka yi shi a Wapa kafin ka tashi, ka nemi a haɗa maka da ƙananan takardu saboda kuɗin mota da na abinci.

Maman Ihsan:
Yaya Baban Walid ka yi gaskiya a batun kuɗi amma ni ban goyi bayan Damagaram ba gaskiya. Mutumin da ya ce buɗe ido yake so, ka kai shi inda yare ɗaya abinci ɗaya shiga ɗaya da Kano? Ya dawo ya ce me ya gani? Ni da maigidana Kwatano muka fara zuwa kuma har yau ina tuna tsayuwar da na yi a bakin teku, ga kasuwar Dantokpa da ba ka iya gama zagayata a wuni ɗaya, ga ƴan acaɓansu masu riga ruwan ɗorawa cike da titi, ga Ganbiye garin da aka gina a kan ruwa sai da kwalekwale ake shiga, har cefane mata a cikin kwalekwale suke yi. Kuma akwai Zango a Kwatano, Hausawa ne fal, masallaci da abincin halal ba matsala. Eh kuɗin motar Legas daga Sabon Gari kaɗai ya fi na zuwa Nijar da dawowa, wannan ban musa ba, amma in zai iya ƙara haƙurin wata biyu ya ƙara tari ni dai nan zan ce ya je.

Abban Sadiq:
Ku bar gardamar gari ku fara gaya masa takardu, tunda ya ce ko fasfo ba shi da shi. Ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS ba biza har kwana 90, Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, mutane na ci gaba da shiga da fita amma bincike ya ƙaru, don haka kar ka yarda wani ɗan tasha ya ce maka ai katin zaɓe ma ya isa ko a bi da kai ta ɓarauniyar hanya a babur. Ka yi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ita ta fi araha, a buga maka hatimi shiga da fita. Sai katin rigakafin shawara, yalo kad ɗin nan, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kar ka bari sai ana gobe tafiya. Rashinsa na cikin abubuwan da ake tsayar da mutane a kansu.

Kamaru kuma da ban ji an ambata ba, sefarsu daban ce da ta Nijar da Benin, kar a haɗa maka da ita a wajen canji. Kuma ko ina ka zaɓa banda tafiyar dare, in Maraɗi ce ma ta Jibiya ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a satin da za ka tashi.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya maganar teku ta shiga raina sosai amma da na zauna na lissafa kuɗin takardu da na motar Legas da masauki, abin da ke hannuna ba zai kai ba sai na taɓa jarin shago, kuma ba zan taɓa ba. Damagaram zan fara in sha Allah, Kwatano sai baɗi. Gobe zan je batun allurar. Baban Walid, masauki fa, gara in kama kusa da tasha ko in shiga cikin gari? Kuma layina na nan zai yi aiki can ko sai na sayi nasu?