Wace irin gangar wasa ta dace da yaron da bai kai shekara uku ba?

Maman Abba, wani ƙauye kusa da Ringim

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa, shawara nake nema. Yarona Abba (sunan surukina ya ci, shi ya sa muke sakaya shi haka) shekararsa biyu da wata bakwai, kuma tun da aka yaye shi babu abin da ya tsira a tsakar gida. Kwanon sha, murfin tukunya, bokitin wanka, duk ya mai da su abin kiɗa. Makon jiya ya ɗauki muciya ya fasa mini ƙwaryar da nake dama fura, wadda innata ta sa mini a kayan aure. Ƙwaryar nan ta yi mini zafi, amma na kasa dukansa, don na ga yadda yake rausaya kai yana bugawa, ba ɓarna ce a ransa ba.

Ran Lahadi babansa zai je kasuwar Gujungu, na kuma ware naira 4,000 daga cinikin ƙuli-ƙuli. Na ga irin ta roba a hannun masu koli, wata har da batir, tana walƙiya tana kiɗa da kanta. Na kuma san ana samun ƙaramar ganga ta fata. Wacce zan ce ya sayo?

Sai wani hanzari. Hajiya, kakarsa, ta ce gidan nan ba a gaji kiɗa ba, kada a koya wa jikanta roƙo. Ba na son in saɓa mata.

Kawu na Wudil

Wa alaikumus salam 'yata. Na tashi maƙwabtaka da gidan masu haɗa ganga, tun ina yaro nake riƙe musu tsarkiya suna ja, don haka ki saurara.

Ki bar ta batir ɗin nan. Yaronki so yake ya buga da hannunsa ya ji abin ya amsa, ita kuwa ko ya buga ko bai buga ba tana ta surutunta. Kwana uku zai yar da ita ya koma wa ƙorenki. Ta roba marar batir ma ana ɗan zama a kanta take tsagewa, kuma ba ta ɗinkuwa.

Ki ce wa maigidan ya nemi ƙaramar ganga mai fuska ɗaya, faɗinta kada ya wuce murfin ƙaramar samira, wadda yaron zai iya ɗaga ta da kansa ya sa tsakanin cinyoyinsa. In kangon na icen alilliba ne ya fi, ba shi da nauyi kuma yana da amo. Ya zura hannu ciki ya shafa, ya shafa bakin kangon, in ya ji sartse ya ajiye. Sannan ya duba yadda aka ɗaura fatar. In da igiya aka ja ta, madalla, ko ta saki ana ƙara ja. In da ƙananan ƙusoshi aka kafe ta, kada ya karɓa ko kyauta ce, ɗaya bayan ɗaya suke zarewa.

Kada a ruɗe shi da ƙaramin kalangu don ya yi kyau a ido. Kalangu sai an matsa tsarkiya a hammata yake magana, fatarsa kuma siririya ce ƙwarai, yaro zai huda ta ranar farko. Fatar akuya mai ɗan kauri ita ce tasa. Da damina za ki ji muryarta ta dushe, sanyi ne ya sassauta ta, ki shanya ta a hantsi kaɗan za ta dawo. Da dare a rataye ta, ɓera na son fata.

In ba a samu a Gujungu ba, kasuwarmu ranar Juma'a take ci, ko kuwa a ba wa mai haɗawa aiki ya yi daidai hannun yaron.

Anti Nas, wajen Gumel

Maman Abba, a ƙaramin asibitin karkara nake aiki, kuma ina goyon bayan Kawu a kan ta batir, amma dalilina daban. Waɗannan kayan wasan da yawa ƙaramin batir ne a cikinsu mai kama da maɓallin riga, murfinsa kuma ba ya da ƙwari. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin. Ranar da hakan ta faru, Allah ya kiyaye, ba a jiran ya fito a kashi, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa a take.

Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa. Duk abin da bai fi goro girma ba, in zai iya ɓallewa daga jikin gangar, a cire shi. Akwai wata 'yar ganga mai mariƙi da ake murzawa, da duwatsu biyu a bakin zare, wannan ba tasa ba ce. Igiyar ratayawa a wuya ita ma a kwance ta. Makaɗi kuwa ni da za a bi tawa, a bar shi ya buga da tafin hannu sai ya ƙara wayo, don na wanke idon yaran da suka faɗi da tsinke a hannu fiye da yadda nake son tunawa. Fenti mai ɓamɓarewa ma a guje shi, farin ice ya fi.

Kawu, a gafarce ni in ƙara ɗaya: a tabbata fatar ta dabbar da aka yanka lafiyayya ce, ba mushe ba. Ƙwayar cutar antiraks tana daɗewa a jikin busasshiyar fata, kuma a 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gonar dabbobi a Suleja.

Ɗan Kura

Ni dai ina ganin a adana kuɗin. Mu da muna tashe, daga goma ga azumi, gwangwanin madara muke samu mu ɗaura masa leda da robar taya, kuma unguwa guda take jin mu.

Anti Nas, wajen Gumel

Malam, ku lokacin kun kai shekara bakwai ko takwas. Bakin gwangwani reza ne a hannun ɗan shekara biyu, leda kuma in ta yage baki za ta.

Inna ta Ɓaɓura

'Yar nan, maganar Hajiya ita ce babba, ki fara da ita kafin kasuwa. Ba ta faɗi don ƙiyayya ba. A zamaninmu kiɗa gado ne, kalangu na mahauta, tambari na sarakai, gangar noma ta gayya, kowa ya san gidan da ya fito, shi ya sa take tsoro. Kada ke ki yi mata bayani, ɗanta ya same ta a ɗaki bayan isha'i, ya nuna mata fasasshiyar ƙwaryar, ya ce mafita ake nema. In an sayo, a miƙa mata, ita za ta ba jikanta da hannunta. Na yi haka da tawa surukar a kan keken jikana, Allah ya jiƙanta, ita ta koma mai tsaron keken.

Maman Abba, wani ƙauye kusa da Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, mun bi shawararki. Hajiya ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ta yarda, amma a ɗakinta za a rataye ta, ba bugu lokacin salla, ba bugu bayan magariba. Babansa bai samu mai igiya a kasuwa ba, duk masu ƙusa ne, sai ya ba wani dattijo aikin, ya kai masa fatar akuyar da muka yi layya da ita. Ya ce sai kasuwa biyu. Kawu, na auna faɗin da murfin samirata na ba shi zaren ya tafi da shi. Kafin nan na ba Abba tsohon akushin kakansa, ya kife shi a gindin darbejiya, tun safe yake kai.